Michel Legrand, mutumin da ya sa hoto ya bi kiɗa

Duk wanda ya ɗan san yadda ake haɗa fim ya san tsarin, a rubuta labari, a fita lokeshin a ɗauka, edita ya zauna ya yanka ya jona, sai can a ƙarshe lokacin da kuɗi suka kusa ƙarewa a nemo mai kiɗa a ce masa ga sin ɗin kuka nan sa mana abin da zai taɓa zuciya, ga na guje-guje nan sa mana ganga. Haka abin yake a Hollywood haka yake a Turai, mai kiɗa shi ne na ƙarshen shigowa kuma aikinsa ya bi abin da ya tarar. To Michel Legrand, Bafaranshen nan da aka haifa a Faris ranar 24 ga Fabrairun 1932 ya rasu ranar 26 ga Janairun 2019, a manyan ayyukansa ya juya wannan tsari ne gaba ɗaya, shi zai fara rubuta kiɗan sannan kyamara da 'yan wasa da edita su biyo baya. Ni a ganina wannan shi ne mabuɗin fahimtar mutumin, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin ba a yi masa adalci idan aka tsaya kawai ana lissafa cewa ya yi wa finafinai da shirye-shiryen talabijin sama da 200 kiɗa, ya ci kyautar Oscar ta fim sau 3 da Grammy ta kiɗa sau 5. Duk gaskiya ne, amma lissafin ba ya gaya maka me ya yi daban.

Gidan makaɗa ya fito. Babansa Raymond Legrand jagoran ƙungiyar makaɗa ne, kawunsa ta wajen uwa Jacques Hélian shi ma haka, uwar tasa kuma jinin Armeniya ce. Sai dai uban ya bar gida tun yaron yana ɗan shekara uku, ya bar su da uwa da yayarsa Christiane wadda ita ma daga baya ta zama mawaƙiya ta gaske, da kuma wani tsohon fiyano. Yaron da ba shi da abokan wasa sosai sai ya manne wa fiyanon nan, yana jin waƙa a rediyo yana nemo ta da yatsunsa. Yana wajen shekara goma aka kai shi babbar makarantar kiɗa ta Faris, inda ya faɗa hannun Nadia Boulanger, matar da duk wanda ya san tarihin kiɗan Turawa na ƙarni na 20 ya san sunanta, don ta hannunta Aaron Copland ya bi, Astor Piazzolla ya bi, Quincy Jones da Philip Glass ma duk sun zauna a gabanta. Mace ce mai tsanani ƙwarai, ba ta ɗaga ƙafa, kuma Legrand har ya tsufa yana faɗin irin wuyar da ya sha a wajenta da kuma cewa duk abin da ya iya daga can ya samo tushensa. Abin da ta cusa masa shi ne ya riƙa jin kiɗa a kansa kafin ya taɓa fiyano, ya iya zama da takarda da alƙalami ya rubuta wa makaɗa hamsin ko sittin abin da kowannensu zai kaɗa ba tare da ya ji ko sauti ɗaya ba. Wannan horon ne ya sa daga baya yake iya gama kiɗan fim guda a 'yan kwanaki.

Makaranta ta biyu kuma ba a aji ya yi ta ba. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa daga 1940 zuwa 1944 fayafayen Amurka sun daina shigowa, kuma a daidai waɗannan shekarun ne baƙaƙen fatar Amurka irin su Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka ƙirƙiro sabon salon jaz mai sauri da sarƙaƙiya da ake kira bibop, 'yan Faris ba su da labari. A 1948 Gillespie ya zo da babbar ƙungiyarsa ya yi wasa a zauren Pleyel, Legrand yana ɗan shekara 16 yana cikin masu kallo, kuma daga wannan daren kansa ya rabu biyu, rabi na Madam Boulanger rabi na Gillespie. Mutane da yawa da suka shiga irin wannan hali sai su zaɓi ɗaya su bar ɗaya. Shi bai zaɓa ba, kuma wannan ƙin zaɓin shi ne ƙarfinsa shi ne kuma abin da aka yi ta sukarsa a kai har ya mutu.

Da ya bar makaranta bai tafi neman zama babban mai kiɗan zaure ba, aikin cin abinci ya kama, yana kaɗa wa mawaƙa fiyano yana tsara musu kiɗa, su Henri Salvador da Maurice Chevalier wanda ya tafi da shi Amurka. Aikin mai tsara kiɗa wani abu ne da masu saurare ba su cika lura da shi ba, shi ne wanda zai ɗauki waƙa tsirara ya yanke shawarar a ina goge zai shigo, a ina ƙaho zai amsa, a ina kowa zai yi shiru a bar murya ita kaɗai. A 1954 kamfanin Columbia na Amurka ya sa shi ya tsara tsofaffin waƙoƙin da suka shafi Faris ba tare da murya ba, aka fitar da faifai mai suna I Love Paris, yana ɗan shekara 22. Faifan ya yi kasuwa ba kaɗan ba, amma yaron ladan aiki kawai aka biya shi sau ɗaya, ba shi da ko sisi a cinikin. Da kamfanin ya ga irin kuɗin da ya samu sai ya ce masa ya faɗi faifan da yake so ya yi su za su biya, shi kuwa ya ce jaz yake so, kuma da manyan gidan.

Haka aka samu Legrand Jazz, wanda aka ɗauka a birnin Niyok a watan Yunin 1958. Ka dubi sunayen da ke ciki, Miles Davis, John Coltrane, Bill Evans, Paul Chambers, Ben Webster, Phil Woods, Art Farmer, Donald Byrd, Hank Jones. Huɗun farkon nan fa su ne bayan shekara guda suka shiga sutudiyo suka yi Kind of Blue, faifan da har gobe ake cewa babu kamarsa a jaz. Ga yaro Bature ɗan shekara 26 daga Faransa ya zo da takardu a hannu zai gaya musu abin da za su busa. Legrand da bakinsa ya sha ba da labarin cewa an gargaɗe shi Miles zai zo a makare ya tsaya bakin ƙofa da akwatin ƙahonsa a rufe ya saurara, in abin bai yi masa ba ya juya ya tafi ba sallama. Ya zo, ya saurara, ya buɗe akwati. Abin lura a faifan nan shi ne Legrand bai kaɗa fiyano ba sam, ya bar wa su Bill Evans, shi tsarawa ya yi da jagoranci, kuma ba waƙoƙinsa ba ne, na su Fats Waller da Thelonious Monk da Django Reinhardt ne ya sake musu riga. Ya saka kayan kiɗan da ba a saba ji a jaz ɗin lokacin ba kamar molon Turawa mai tsirkiya da yawa da ake tsayarwa a ƙasa da sarewa, amma ya bar wa kowane gwani fili ya yi nasa. Wanda duk yake cewa Legrand ɗan kiɗan soyayya ne da ya raɓu da jaz don ado, ya je ya saurari wannan faifan tukuna.

Ya dawo gida a daidai lokacin da wasu matasan daraktoci suke tayar da ƙura a sinimar Faransa, waɗanda ake kira Nouvelle Vague wato sabuwar igiyar ruwa, masu ɗaukar fim a kan titi da ƙaramar kyamara da kuɗi kaɗan. Sun samu wanda ya dace da su, mai sauri, mai iya kowane salo. Ya yi wa Jean-Luc Godard aiki a finafinai da dama, kuma Godard bai cika tausayin mai kiɗa ba, a Vivre sa vie na 1962 Legrand ya rubuta masa kari guda da sauye-sauyensa da yawa, shi kuwa ya ɗauki ɗan guntu ɗaya ya yi ta maimaita shi yana datse shi a tsakiya duk inda ya ga dama. A wannan shekarar dai Agnès Varda ta sa shi a gaban kyamara a fim ɗinta Cléo de 5 à 7, labarin wata mawaƙiya da take jiran sakamakon gwajin asibiti tana tsoron ciwon daji ne. Legrand ya fito a matsayin mai fiyanonta, ya shigo ɗakin da barkwanci da wasa, yana gwada mata waƙoƙi marasa nauyi, sai ya fara wata. Da farko fiyano ne kawai, kana ganinsa yana kaɗawa, sai kyamara ta zagayo a hankali har ta bar shi ta tsaya kan fuskar matar da baƙin labule a bayanta, sai kawai ka ji gogaye sun shigo alhali babu ko mai goge ɗaya a ɗakin. Ba a yi maka bayani ba amma ka gane, mun bar ɗakin mun shiga cikin kanta, tsoron mutuwar da take ta dannewa ne ya fito. Kiɗa ne ya ba da labarin a wannan wurin, ba magana ba.

Amma abokin tafiyarsa na gaske Jacques Demy ne, mijin Varda. Sun fara da Lola a 1961, sannan suka zo da abin da kowa ya ce musu hauka ne, fim ɗin da babu magana ko ɗaya a cikinsa, komai da waƙa, tun daga gaisuwa har cinikin sarƙa har tambayar me ya samu injin mota. Furodusoshi sun yi ta korarsu har sai da wata mata Mag Bodard ta yarda ta nemo kuɗin. Shi ne Les Parapluies de Cherbourg, wato lemomin garin Cherbourg, wanda ya fito a 1964 ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes.

Yadda aka yi shi ne abin dubawa. Tun kafin a kunna kyamara an riga an gama fim ɗin da kunne, Demy ya rubuta maganganun, Legrand ya ɗora musu kari, aka shiga sutudiyo da makaɗa da mawaƙa aka naɗi komai daga farko har ƙarshe. Sannan aka ba 'yan wasa faifan suka yi ta haddacewa. Mai kallon finafinan Kannywood ko na Indiya ba zai ga baƙon abu a nan ba, mamin ne, jaruma tana motsa baki muryar wata ce ke fita, Catherine Deneuve ce a hoto amma Danielle Licari ce ke rerawa, uwar kuma muryar Christiane ce yayar Legrand. Bambancin shi ne a namu labari ne ke tafiya sai a tsaya a yi waƙa a dawo, a nan kuwa ba a tsayawa, mamin ɗin awa ɗaya da rabi ne ba hutu. Ma'anar wannan ita ce kiɗan ne ya riga ya yanke tsawon kowane sin, taku nawa yarinya za ta yi daga ƙofar shago zuwa kanta, yaushe za ta juyo, yaushe kyamara za ta matsa. Darakta da kansa yana aiki ne a cikin awon da mai kiɗa ya gindaya.

Labarin kuma ba na sarakuna ba ne. Geneviève yarinya ce 'yar shekara 17 da ke taya uwarta a shagon sayar da lema, Guy kuma bakanike ne a gareji. Suna son juna, sai takardar shiga soja ta zo masa a 1957, za a kai shi Aljeriya inda Faransa take yaƙi da masu neman 'yancin ƙasarsu, yaƙin da aka yi daga 1954 zuwa 1962. Ya tafi ya bar ta da ciki, wasiƙu suka yi ƙaranci, bashi ya taso wa shagon, wani attajiri mai cinikin lu'ulu'u ya fito yana so ya aure ta da cikin da komai, uwa tana matsa mata, ta yarda. Babu mugu a labarin ko ɗaya, kuma wannan ne ya sa yake da ciwo. Fim ɗin bai nuna yaƙin ba, bai ce uffan kan abin da aka yi wa mutanen Aljeriya ba, wannan kam gibi ne da ya kamata a faɗa, amma a shekarun da sinimar Faransa take kauce wa maganar yaƙin nan ya nuna saurayi ya dawo yana ɗingishi, ya kasa riƙe aiki, ya koma shaye-shaye.

Yanzu ga inda gwanintar Legrand take. Idan za ka sa mutane su rera maganar yau da kullum, haɗarin shi ne abin ya zama abin dariya ko ya gundiri mai kallo. Abin da ya yi shi ne ya bi yadda Faransanci yake hawa da sauka a bakin mutane, karin yana tafiya da saurin magana ba a jan wasali ana nuna murya kamar a opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake rerawa a dandali, a ƙarƙashi kuma kiɗan yana canza launi gwargwadon wurin. Sin ɗin farko a gareji jaz ne zalla na babbar ƙungiya, ƙahoni suna tashi ganga tana gudu, makanikai suna wanke hannu suna hirar inda kowa zai je da daddare, har ɗayansu yana cewa shi bai son opera don waƙar ta yi yawa gara sinima, kuma da waƙa yake faɗin hakan. Cikin minti biyar kunnenka ya saba ka ma manta ana rerawa. Sannan akwai babban karin soyayyar, wanda daga baya aka sa masa baitocin Turanci ya zagaya duniya da sunan I Will Wait for You. Ana fara jin sa a hankali tun a rubutun farko lokacin da kyamara take kallon titi daga sama ruwa na sauka lemomi masu launi-launi suna wucewa, ya dawo da ƙarfi a daren rabuwa da kuma tashar jirgin ƙasa inda take alƙawarin za ta jira shi.

Sai ƙarshe, Disambar 1963. Guy ya auri wata ya buɗe gidan mai na Esso, yana da ɗa. Dare ne dusar ƙanƙara na zuba, wata baƙar Marsandi ta tsaya shan mai, Geneviève ce a ciki da 'yarsu da bai taɓa gani ba. Suka shiga ofis, maganar da suka yi ba ta wuce ta sama-sama ba, yaron gidan mai ma ya leƙo yana tambaya wane irin mai za a zuba, ta tambaye shi ko yana so ya ga yarinyar ya girgiza kai, ta tafi. A daidai nan Legrand ya saki wannan karin na alƙawari da dukkan makaɗansa har da amshin muryoyi, da ƙarfin da bai taɓa kaiwa ba a duk fim ɗin. Mutanen biyu ba su ce komai ba, ba su yi kuka ba, kiɗan ne kaɗai yake tuna abin da suka yi wa juna alƙawari. Masu cewa kiɗan Legrand zaƙi ne kawai, ni ban san yadda suke kallon wannan sin ɗin ba wallahi, don zaƙin nan da gangan aka sa shi ya yi karo da abin da ido yake gani.

Demy da Legrand sun sake haɗuwa a 1967 a Les Demoiselles de Rochefort, da Deneuve da yayarta Françoise Dorléac wadda ta rasu a haɗarin mota 'yan watanni bayan fitowar fim ɗin, da Gene Kelly daga Amurka. Wannan na farin ciki ne da rawa, kuma ya ba Legrand wuya ta wata fuskar, don Demy ya rubuta baitocin a tsohon ma'aunin waƙar Faransanci mai gaɓa 12 a kowane layi, wanda in ba ka yi hankali ba duk waƙoƙin za su fito da taku iri ɗaya. Da jaz ya warware matsalar, yana matsar da inda nauyin kiɗa yake faɗuwa. Ɗaya daga cikin waƙoƙin fim ɗin ce ta koma You Must Believe in Spring, wadda Bill Evans ya ɗauka a 1977 har ta zama sunan faifansa.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi ba ni sha'awa, me ya sa 'yan jaz, waɗanda ba su cika ganin girman kiɗan fim ba, suka yi ta ɗaukar waƙoƙin Legrand suna kaɗawa. Amsar tana cikin yadda yake gina waƙa. A fiyano hannun dama ne yawanci ke rera karin da kake bi da baki, hannun hagu kuma yana danna sautuka uku ko huɗu a tare, wato kod, su ne ƙasan da karin yake takawa. Mai jaz idan ya ɗauki waƙa sau ɗaya yake kaɗa karin, daga nan ya ajiye shi ya riƙa ƙirƙiro nasa nan take a kan jerin kod ɗin. Don haka shi abin da yake nema a waƙa shi ne jerin kod mai tafiya, mai kai shi wurare. Legrand kuma ga yadda yake yi, zai ɗauki ɗan guntun kari, sautuka kaɗan da yaro ma zai iya riƙewa, ya maimaita shi amma ya ɗaga shi mataki ɗaya, ya sake maimaitawa ya sauke shi, siffar ba ta canzawa amma ƙasan da ke ƙarƙashinta yana ta juyawa daga wannan kod zuwa wancan har ya zagayo gida. Dabara ce tsohuwa, tana nan a kiɗan Bach da ya haddace a wajen Madam Boulanger, kuma ita ce dai hanyar da kod ɗin bibop suke bi. Wato a wannan wurin makarantunsa biyu abu ɗaya suke koyarwa, shi kuma ya gano haka da wuri. Mai saurare na yau da kullum yana samun karin da zai riƙe, gwani kuma yana samun hanyar da zai yi gudu a kai.

Babu inda wannan ya fito fili kamar The Windmills of Your Mind. Bayan ya koma Los Angeles a tsakiyar shekarun 1960, inda mai kiɗan fim Henry Mancini ya taimaka masa ya samu shiga, aka ba shi The Thomas Crown Affair na 1968, fim ɗin Norman Jewison da Steve McQueen da Faye Dunaway, labarin attajirin da ke shirya fashin banki don nishaɗi kawai. An ɗauki hotuna na awanni, darakta da editansa Hal Ashby sun rasa ta inda za su kama haɗawa. Legrand ya kalla ya ce su ba shi makonni ya je ya rubuta kiɗa na kusan awa ɗaya da rabi ba tare da ya auna da kowane sin ba, in ya so su yanka hoton a kan kiɗan. A Hollywood fa, inda ake ba mai kiɗa takarda da lissafin daƙiƙoƙi. Suka yarda. Shi ya sa sin ɗin da mutum biyun suke buga darar Turawa yake tafiya minti da minti kusan ba magana, ido da yatsu da kiɗa kawai. Waƙar kuma an yi ta ne don wurin da McQueen yake shawagi a jirgin sama mara inji yana zagaye a sararin sama hankalinsa a tashe, sai karin ya zama shi ma zagaye yake, guntu ɗaya yana ta komowa ba ya samun wurin sauka. Alan da Marilyn Bergman, mata da miji, suka rubuta baitocin, Noel Harrison ya rera, ta ci Oscar. Da su Bergman ɗin ya ci gaba da aiki shekaru da yawa har da Yentl na Barbra Streisand a 1983 wanda ya kawo masa Oscar na uku, na biyun kuma Summer of '42 ne na 1971.

To amma sukar da ake masa ba duka ce ta banza ba, kuma wanda yake son mutum ya kamata ya iya faɗin wannan. Ya karɓi aiki da yawa fiye da kima, kuma dabarar nan tasa ta maimaita guntu tana hawa tana sauka idan ba a samu labari mai nauyi a ƙarƙashinta ba sai ta zama kamar ya kunna inji ne, gogaye su yi ta kumbura ba dalili. A shekarun 1970 da 1980 akwai finafinai da dama da ya yi wa kiɗan da ba wanda yake tunawa. Kiɗan da ya yi wa fim ɗin James Bond na 1983, Never Say Never Again, masoya Bond da yawa har yau ba su yafe masa ba, kuma ina ganin suna da hujja, salon bai zauna da fim ɗin ba. A matsayinsa na mai kaɗa fiyanon jaz kuma, yatsunsa suna da gudu na ban mamaki kuma faifan da ya yi kai tsaye a 1968 a kulob ɗin Shelly Manne a Los Angeles tare da Manne a ganga da Ray Brown a babban goge yana da daɗi sosai, amma ba zan sa shi sahu ɗaya da Bill Evans ko Monk ba, ko ma ɗan ƙasarsu Martial Solal. Yakan cika wuri da sautuka, kamar ba ya son ya bar shiru. Girmansa a jaz yana wajen alƙalami ne, abin da ya rubuta wa Sarah Vaughan da Stan Getz a farkon shekarun 1970 da Phil Woods a 1975, da waƙoƙin da ya bar wa masu busa.

Inda ban yarda da masu suka ba shi ne cewa wai abu ɗaya ya iya. A shekarar da ya yi Summer of '42 mai laushin nan, a ita ce ya yi wa darakta Joseph Losey kiɗan The Go-Between, fim ɗin da shi ma ya ci babbar kyautar Cannes a 1971. Labarin yaro ne da manya suke aikensa da wasiƙun soyayyar ɓoye a ƙauyen Ingila, hoton duk rana ce da ciyawa kore, amma kiɗan fiyano ne mai dukan zuciya, 'yan sautuka masu sanyi da ke ta faɗowa kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, tun ba a yi komai ba ka san abin nan ba zai ƙare lafiya ba. Ba zaƙi ko kaɗan. Ƙarfinsa ya kai har a 2023 darakta Todd Haynes ya ɗauko shi aka sake tsara shi don fim ɗinsa May December. Shi ma darakta Damien Chazelle da mai kiɗansa Justin Hurwitz ba su ɓoye ba cewa finafinan Demy da Legrand ne suka haifi La La Land na 2016.

Bai daina komawa jaz ba kuma. Shekara 30 da ɗoriya bayan haɗuwarsu ta farko, shi da Miles Davis suka sake zama suka yi kiɗan Dingo, wani fim na Ostireliya da Miles ya fito a ciki a matsayin mai busa ƙaho, wanda ya zama cikin ayyukan Miles na ƙarshe kafin rasuwarsa a Satumbar 1991. Legrand ya ba da umarnin fim nasa na kansa a 1989 kan abin da ya gani yana yaro a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi wasan kwaikwayo na waƙa da ya kai har Broadway, cibiyar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta Niyok, a 2002, ya yi faifai da mawaƙan opera irin su Kiri Te Kanawa da Jessye Norman da Natalie Dessay. A 2014 yana da shekara 82 ya auri 'yar wasa Macha Méril, wadda suka fara haɗuwa a Burazil tun 1964 kowannensu yana da wani a lokacin. Da ya haura 80 ne ma ya koma ga irin kiɗan da ya koya a wajen Madam Boulanger tun farko, ya rubuta manyan kiɗan zaure guda biyu, ɗaya na fiyano ɗaya na babban goge, aka fitar da su a 2017.

Cikin ayyukansa na ƙarshe akwai The Other Side of the Wind, fim ɗin da darakta Orson Welles ya ɗauka a shekarun 1970 ya mutu a 1985 bai gama haɗa shi ba. Da aka zo ƙarasawa sai aka nemi Legrand, don shi ya yi wa Welles kiɗan F for Fake tun 1973, ya rubuta musu jaz yana da shekara 86, Netflix ta fitar da fim ɗin a 2018. Ya rasu a asibiti a Neuilly kusa da Faris a Janairun da ya biyo baya, yana da wasannin da aka riga aka sa wa rana a watannin gaba, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise.